Sau biyu ina riƙe reshe, sau biyu ana ɗora wani a kaina. In kai ƙorafi ko in yi shiru?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa aikin banki ko wani babban kamfani, don abin nan ya tsaya min a rai kwana shida ke nan ba na barcin kirki, kuma ba na so in yanke hukunci cikin fushi.

Shekarata goma sha uku a wani banki a nan Kano, ku yi haƙuri ba zan kama suna ba. Daga kan kanta na fara ina ƙirga kuɗi, na koma wajen kula da kwastomomi, na yi maketin, wato neman kwastomomi, shekara huɗu ina zaga Kwari da Singa da Dawanau cikin rana, yanzu ni ce mataimakiyar manaja. Ƙarshen 2022 manajanmu ya ajiye aiki aka ce in riƙe reshen kafin a turo wani. To kun san wane lokaci ne wannan, lokacin canjin kuɗi. Wanda bai zauna cikin banki a Janairu da Fabrairun 2023 ba wallahi ba zai gane ba. Tun kafin a kira asuba layi ya kai titi, mutane na dukan ƙofa, tsohuwa ta zo daga ƙauye da tsofaffin kuɗi ƙulle a bakin zani tana kuka wai an ce mata ranar 31 ga wata sun zama takarda, ga 'yan kasuwa da buhuna, mu kuma sabbin kuɗin da ake ba mu ba sa isar ko rabin layin. Ina da goyon wata bakwai a lokacin. Ƙanwata ce take kawo min shi a adaidaita da azahar, in kulle ofis in ba shi nono minti goma sha biyar ina jin hayaniya a waje, ta mayar da shi gida, ni kuma sai tara na dare wani lokacin goma. Wata tara na yi ina riƙe da wajen, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, masu bincike daga hedikwata suka zo suka duba suka tafi ba su samu abin cewa ba.

Da ƙura ta lafa sai aka turo mana manaja daga wani reshe. Na ce ba komai, ya girme ni a aiki, na miƙa masa makullai. Bana aka sake ɗauke shi, aka sake cewa in riƙe, wata biyar. Satin da ya wuce takarda ta fito, wanda aka ba kujerar yaro ne da ni na koya masa yadda ake rufe lissafin rana lokacin da ya zo bayan bautar ƙasa. Ba ni da matsala da shi, yaron kirki ne kuma yana da ƙoƙari, shi kansa ranar da ya shigo kasa haɗa ido ya yi da ni.

Na je wajen shugaban shiyyarmu na tambaye shi a ina na gaza. Amsar da ya ba ni ta fi komai ƙona min rai. Ya ce, "Hajiya ai sunanki ya zo, tausaya miki muka yi. Kujerar nan sai an kai dare, sai an bi alhazai har gida, ga yara ƙanana ga maigida, kar mu haɗa ki da shi." Babu wanda ya taɓa tambayata ko zan iya, babu wanda ya tambayi maigidan, wanda shi ne ma yake zuwa ɗaukata duk daren da na makara. Kuma ranar da ake neman mai riƙewa a lokacin wuya ba wanda ya tuna ina da yara.

Ina jin ana cewa babban bankin Najeriya, wato CBN, ta sa doka kan kason mata a shugabancin bankuna, kullum kuma muna ganin hotunan mata shugabannin bankuna a jarida. Shin dokar nan ta shafi irin matakinmu ko ta manya ce kawai can Legas? Sannan in rubuta ƙorafi hedikwata, ko baƙin jini zan jawo wa kaina? Akwai wani banki da suka yi min magana bara amma ina tsoron kar in yi gudun gara in faɗa gidan zago.

Baban Zahra:

Wa alaikumus salam. Maman Hanif sannu, Allah ya sanyaya miki zuciya. Na yi shekara goma sha shida a sashen kula da ma'aikata, banki biyu da kamfanin sadarwa ɗaya, kafin na koma kasuwancina, don haka irin ɗakin da aka yanke maganarki na sha zama a cikinsa.

Maganar CBN tukuna. A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamna, kwamitin shugabannin bankuna ya amince da wasu ƙa'idoji, a nan ne aka sa burin mata su samu kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙamai zuwa 2014. Buri ne da banki yake kai rahoto a kansa, ba za ki iya ɗaukarsa ki je ki ce a ba ni kujerata ba. A 2023 kuma CBN ta fito da ƙa'idojin tafiyar da bankuna inda ta ce hukumar daraktocin banki ba za ta zama jinsi ɗaya zalla ba. A sama abin ya yi tasiri, babu musu. Tomi Somefun ta karɓi shugabancin bankin Unity a 2015, Halima Buba ta karɓi SunTrust a 2020, a 2021 kaɗai Nneka Onyeali-Ikpe ta hau Fidelity, Yemisi Edun FCMB, Miriam Olusanya GTBank, sai Adaora Umeoji a Zenith 2024. Shekara ashirin baya wa zai yi mafarkin wannan jerin?

Amma ga inda gizo ke saƙar. Lissafin na banki gaba ɗaya ake yi, ba shiyya-shiyya ba. In hedikwata ta cika da mata a sashen shari'a da sashen ma'aikata da sashen bin ƙa'ida, adadi ya yi kyau a rahoto, shi ke nan, ko da shiyyar arewa gaba ɗayanta manajoji mata ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba babu wanda zai ɗaga gira.

Yadda ake ƙarin girman kuwa, mutum biyar ko shida ne za su zauna da jerin sunaye, kowane suna bai fi minti biyu uku ba. Wanda yake da mai tsaya masa a ɗakin, mai cewa a'a wannan na san aikinsa ku ba shi, shi ke wucewa. In sunan mace ya zo wani ya ce ai tana da goyo, ko ai mijinta ba zai bari ba, in babu wanda ya ce "kun tambaye ta?" to an wuce wajen, kuma wanda ya faɗa har ransa gani yake alheri ya yi. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba, kuma akwai lokutan da na yi shiru da bai kamata in yi ba.

Abu biyu nake so ki duba. Riƙon ƙwaryar nan da kika yi, an ba ki takarda ko a waya aka ce ki riƙe? In babu takarda, a fayil ɗinki ba ki taɓa riƙe komai ba. Sannan ki nemo makin ƙarshen shekararki na shekara biyar. Oga da yawa in mace ta tafi hutun haihuwa sai ya ba ta matsakaicin maki wai ba ta cika shekara ba, alhali a wurare da dama sai kin jera maki mai kyau shekara biyu ko uku kafin sunanki ya shiga jerin, kin ga kowace haihuwa sai ta mayar da ke farkon layi ba tare da kowa ya ce miki komai ba.

Ni ba zan ce ki fara da takardar ƙorafi ba. Ki tura imel mai sanyi ga shugaban shiyyar, ki saka HR, wato sashen kula da ma'aikata, a ciki, ki gode masa da ya saurare ki, ki rubuta abin da ya faɗa miki kamar yadda ya faɗa, sannan ki ce kina so a sani a rubuce cewa a shirye kike ki riƙe reshe a duk inda ya samu, kuma a gaya miki abin da ya rage miki ki cika. Ki haɗa da alkalumanki, ajiya nawa reshe yake da ita ranar da kika karɓa, nawa ranar da kika miƙa, asusu nawa aka buɗe, me masu bincike suka rubuta. Ki nemi wani babba a wajen shiyyarku ya san sunanki, in bankinku yana da ƙungiyar mata ma'aikata ki shiga, ta nan ake saurin isa ga daraktoci. Wancan bankin kuma ki saurare su, amma kar ki motsa sai kin ga muƙami da mataki a rubuce.

Abu Sadiq:

Hajiya in dai yadda kika faɗa haka yake to ba a kyauta miki ba, wanda ya ci wuyar abu shi ya kamata ya ci daɗinsa. Wannan ban da ja.

Amma ni maganar kaso ɗin nan ban taɓa gamsuwa da ita ba. A ce kashi kaza na mata ne, to in a wannan shekarar wanda ya fi cancanta namiji ne fa? Kuma ita macen da ta hau da guminta sai a riƙa yi mata kallon kaso ne ya kawo ta. Sannan mu ji tsoron Allah, ogan nan ba lallai mugunta ya nufa ba. Aikin manaja a garin nan duk mun san yadda yake, taget a wuyanka kamar igiya, za ka bi mai kuɗi shago ka bi shi gida ka jira shi a zaure har bayan isha'i, wani ma yana ganin mace zai fara maganar da ba ta dace ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi maketin shekara biyu ta bari da kanta saboda irin wannan. In shugaba ya ce ba zai jefa matar aure a ciki ba ni ban ga laifinsa sosai ba. Ga kuma hadisin da kowa ya sani kan mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu.

Wani abin kuma, kullum maganar mata ake yi, mu mazan arewa fa? Ku ƙirga shugabannin manyan bankuna da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ku gaya min 'yan arewa nawa ne, maza ko mata. Jerin da Baban Zahra ya kawo ma suna ɗaya na gani da ya yi kama da namu. In za a yi maganar a dama da kowa to a yi ta gaba ɗaya.

Gwaggon Yara:

Abu Sadiq ɗana, bari in amsa maka, don na girme ku duka a nan ina jin. Na shiga aiki 1988 a sashen lissafi na wani kamfani a Bompai, na yi ritaya ina shugabar sashen.

Tausayin nan ni ma an yi min shi. Akwai kwas na wata uku a Legas da duk wanda ya je shi ake ba muƙami in ya dawo. Sau uku ana tura maza, ni ban ma san sunana yana zuwa ana cirewa ba sai da wani dattijon masinja ya faɗa min a bakin famfo ina alwala, ya ce Hajiya an ce an tausaya miki ne saboda yara. Ranar na koma gida na gaya wa marigayi maigidana, ya ce ke wa ya gaya musu na hana? Uwata ta zo daga Gwarzo ta zauna da yaran, na tafi na dawo. Shekara shida na rasa a kan amsar da ba a tambaye ni ba. In kana tausayin mutum ka kira shi ka ce ga aiki ga wahalarsa za ka iya? In ta ce ba za ta iya ba kamar ƙanwarka, Allah ya yi mata albarka, zaɓinta ne. Amma Maman Hanif ta riga ta yi aikin wata goma sha huɗu, me ya rage a tausaya?

Batun masu kuɗin da ba su da kamun kai kuwa, kamfani ne ya kamata ya tsaya wa ma'aikaciyarsa, a je mutum biyu, a yi mitin a shago ko a ofis da rana, wanda ya yi maganar banza a ja masa layi ko nawa ya ajiye. Ba a hukunta mace saboda halin wani.

Hadisin da ka kawo sahihi ne, yana cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya faɗe shi ne da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta, kuma malamai da yawa a kan shugabancin ƙasa gaba ɗaya suka ɗauke shi. Manajar reshe mai oga a kanta, ogan ma da oga, wannan wani abu ne daban. Nana Khadija da dukiyarta take ɗaukar maza su yi mata fatauci zuwa Sham. A ƙasar nan tamu Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara jajis da 'yan taru suna bi gari-gari suna karantar da mata, wannan in ba iya shugabanci ba mene ne?

Maganar 'yan arewa gaskiyarka ce, na yarda da kai. Sai dai ka lura macen arewa abin biyu ne ya haɗe mata. Muna da waɗanda suka kai, Aishah Ahmad ta zama mataimakiyar gwamnan CBN a 2018, Hadiza Bala Usman ta riƙe hukumar tashoshin jiragen ruwa daga 2016, Zainab Shamsuna Ahmed ta yi ministar kuɗi, amma ka ga yawanci naɗin gwamnati ne. A kamfani sai ka bi tsani mataki-mataki, mu kuma tun daga sakandare muke zubewa, waɗanda suka kai tsakiyar tsanin irin Maman Hanif su ne bai kamata a bari su gaji su sauka ba.

'Yata Maman Hanif, abin da ban gane da wuri ba shi ne ba a ofis ake gama magana ba. A kan tabarma ake gamawa bayan la'asar a masallacin ma'aikata, da wajen ɗaurin aure ran Asabar, da mota ɗaya in za a je ta'aziyya. Ke ba kya wajen kuma ba sai kin je ba, amma dole ki samu mutumin kirki da yake wajen wanda zai ambaci sunanki. Ni wani Bayerabe ne babban akanta ya tsaya min, Allah ya saka masa. Kuma in kin hau ki waiwayo. Na yi shekara bakwai ina shugabar sashe mace ɗaya tak na jawo, har yau abin yana damuna.

Barista Kd:

Maman Hanif, ta ɓangaren doka ga yadda abin yake a taƙaice, amma ki samu lauya ya ga takardunki kafin ki ɗauki wani mataki.

Dokar ƙwadago sashe na 54 ta ba mai ciki sati 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Matsalar ita ce dokar da kanta ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", don haka ke a matakinki takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata na bankin su ne madogararki, ki nemo su ki karanta abin da suka ce kan riƙon ƙwarya da ƙarin girma. Wasu gwamnatoci ma sun wuce wannan sati 12 ɗin, ta tarayya aƙalla sati 16 take ba ma'aikatanta, Legas ta kai wata shida a 2014, Kaduna ta bi a 2019, amma wannan bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba.

Inda ƙarfinki yake shi ne kotun ma'aikata ta ƙasa, kuma tana da reshe a Kano. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba ta hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci a wajen aiki da rashin adalci ga ma'aikaci, har tana iya duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta sa wa hannu, cikinsu akwai mai lamba 111 da ta hana bambanci saboda jinsi. A ce an hana ki muƙami don kina da yara da miji, wannan bambanci ne ko da da murmushi aka faɗa.

Gaskiyar da zan gaya miki kuma, ƙarin girma kotu ba ta cika ɗaukarsa a matsayin haƙƙin dole ba, kuma maganar baki ce tsakaninku ku biyu, gobe zai iya cewa bai faɗa ba. Shi ya sa imel ɗin da Baban Zahra ya ce yake da muhimmanci, ki tura shi cikin satin nan tun maganar tana da ɗumi, ki sa rana da lokaci. Shari'a tana cin shekaru kuma harkar banki kowa ya san kowa, ni ina ajiye ta ne a matsayin matakin ƙarshe, misali in bayan kin yi magana aka fara takura miki ko aka jefa ki wani wuri don huce haushi.

Ummi 'yar Gwale:

Anti ku kuna maganar manaja, mu ko layin ba mu shiga ba. Shekarata biyar a kan kanta amma ta hannun kamfanin 'yan kwantiragi aka ɗauke ni, kaya iri ɗaya aiki iri ɗaya da sauran, albashi bai kai nasu ba kuma babu wani mataki da za ka hau. A reshenmu mu shida ne a haka, biyar mata. Wata a cikinmu ta ɓoye cikinta har wata shida tana sa manyan kaya saboda tsoron kar a ƙi sabunta mata. Don Allah in ana lissafin mata a banki a riƙa tunawa da mu, ko ba a saka mu a lissafin ne ma?

Baban Zahra:

Ummi, a wuraren da na yi aiki ba a saka ku, don a takarda ku ma'aikatan wancan kamfanin ne. In bankinku yana jarrabawar mayar da 'yan kwantiragi cikakkun ma'aikata kar ki bari ta wuce ki, ki kula da iyakar shekarun da suke sawa.

Abu Sadiq, kan kaso, Norway ce ta fi kowa gwada shi. Sun yi doka a 2003 cewa kashi 40 na daraktocin manyan kamfanoni su zama mata, zuwa 2008 aka cika don kamfanin da ya ƙi za a iya rushe shi. Kamfanonin ba su durƙushe ba, matan da aka kawo kuma masu ilimi ne da gogewa. Amma da aka bi diddigi daga baya sai aka ga amfanin bai gangaro sosai ga matan da ke ƙasa da tsakiya ba. Ni shi ya sa na fi so a tilasta wa kowane shugaban shiyya ya tallata gurbin manaja a fili, kowa ya nema, a yi intabiyu, wanda aka ƙi a rubuta dalili. Da haka aka yi, ogan Maman Hanif ba zai iya rubuta "tana da yara" a takarda ba, kuma ɗan arewan da kake magana a kai shi ma zai amfana.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gwaggo wallahi ina karanta naki hawaye na zuba, kamar kin san abin da ke raina.

Baban Zahra ka yi gaskiya, na duba. Riƙon farko akwai imel guda ɗaya daga shiyya da aka ce in karɓi makullai da sa hannu, na same shi na ajiye. Na biyun a waya ne kawai. Makin kuma shekarar da na haifi Hanif da shekarar da na haifi yayarsa duk matsakaici aka ba ni, sauran shekarun na sama ne, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya na kalla ba sai jiya.

Na rubuta imel ɗin da daddare, maigida ya karanta ya sa na cire layi biyu da ya ce akwai zafi a ciki, na tura yau da safe ƙarfe takwas da kwata. Na rubuta cewa a shirye nake ko Kano ko Dutse ko Katsina, mun riga mun yi magana da maigida a kan haka. Wata mata daga HR a Legas ta kira ni wajen sha ɗaya, ta ce ta gani, ta tambaye ni ko da gaske haka aka ce min, na ce mata kalma ba ƙari. Ta ce in turo mata alkaluman wata goma sha huɗun kafin Juma'a. Shugaban shiyya bai amsa ba har yanzu.

Abu Sadiq ban ji haushinka ba, ni ma ba na so a ce kaso ne ya ba ni, aikina nake so a duba. Ummi ki yi min magana ta akwatin sirri, ina da tsofaffin tambayoyin jarrabawar da na tara wa yaran reshenmu zan turo miki.

Sabon manajan zai karɓi aiki ranar Litinin, na gama haɗa masa takardun miƙa ragama, ni zan zaga da shi wajen manyan kwastomominmu na Dawanau. Mutanen wancan bankin kuma mun sa ranar Laraba bayan an tashi.